Martani: Yoyon Mai A Babur Mai Farfela Ba A Yi Masa Kawaici

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya yi rubutu a kan yoyon mai a baburan da ke tafiya da farfela a maimakon sarƙa. Rubutun ya samu karɓuwa wajen masu manyan babura da direbobin Keke Napep da masu babur mai ƙafa uku na dakon kaya a Minna, tun daga Kpakungu da Tunga har Chanchaga da mu nan Tagwai, domin ya gaya musu abin da kunne ke son ji, wato tabon man da suke tararwa a ƙasa kowace safiya ba abin damuwa ba ne. Da magana ce ta ra'ayi kawai, da na bar Malam da ra'ayinsa. Amma shawara ce da mutum zai ɗauka ya hau kwalta da ita, da iyalinsa a bayansa ko fasinja cike da kekensa. Irin wannan ba a yi mata shiru.

Ga abin da ya ce a taƙaice, kuma zan yi ƙoƙarin kada in rage masa komai. Na farko, yawancin waɗannan babura na hannu ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka ko Japan kafin su iso mu, saboda haka tsattsafin mai a jikinsu alamar shekaru ce. Mai babur ya riƙa dubawa yana cikawa, shi ke nan. Na biyu, idan yoyon ya dame shi akwai hanyoyi masu sauƙi: ya zuba mai mai kauri, ko ya cusa giris, ko ya ƙara ɗaure notoci, ko ya shafe wurin da gam. Na uku, duk maganar wanke babur da bincike da gwaji dabara ce ta kanikawa don su ja aiki su ƙara kuɗi. Inda mai ke ɗiga nan ciwon yake, a canza oyil-sil ɗin wurin a wuce. Na huɗu, wanda duk wannan bai yi masa ba ya sayar da babur ɗin ya koma mai sarƙa, domin a ganinsa farfela ba ta ƙasarmu ba ce, ba mu da kayanta, ba mu da masu gyaranta.

Akwai gaskiya a wani ɓangare na maganarsa, kuma adalci ne a faɗe ta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tashin gwauron zabi. Direban keke da balas ke jiransa kowace yamma ba ya son jin an ce ya ajiye keken wuni guda. Akwai kuma kanikawan da ke ƙirƙiro aiki inda babu shi, kowa ya san da su. Haka nan akwai abin da masu sana'ar ke kira zufa: ɗan danshin mai da ke kama ƙura a gefen sil, ba ya taruwa, ba ya ɗiga, idan an duba kuma mai bai ragu ba. Wannan ana iya goge shi a sa masa ido. Inda muka rabu da Malam shi ne ya haɗa zufa da yoyo ya yi musu hukunci ɗaya, sannan ya hana mutane yin binciken da zai bambanta musu su.

Kafin mu bi hujjojin, mu san abin da muke magana a kai. A babur mai sarƙa, ƙarfin inji a fili yake tafiya zuwa taya, kowa na gani. A mai farfela kuwa, ƙarfin yana fita daga akwatin giya, ya bi sandar ƙarfe da ke juyawa a cikin hannun da ke riƙe da tayar baya, ya isa wani ƙaramin akwati da ke manne da tayar. A cikin wannan akwati akwai giya biyu masu haƙora, ƙarama da babba, su ne ke karkatar da juyin sandar ya zama juyin taya. Haƙoran suna gugar juna da matsi mai tsanani, shi ya sa suke iyo a cikin man giya na musamman, wanda ake rubuta GL-5 a jikin robarsa, mai lambar kauri 80W-90 ko 75W-90 a yawancin babura. Tsarin tsoho ne. Babur na farko da kamfanin BMW ya ƙera, R32, a 1923, da farfela ya fito. Honda Gold Wing tun 1975 da ita yake tafiya, haka manyan baburan Moto Guzzi na Italiya da Yamaha FJR1300.

A Minna ba sai ka jira wucewar 'yan rakiyar manya ba kafin ka ga dangin wannan tsari. Keke Napep, ko na Bajaj ko na TVS, babu sarƙar da ke zuwa tayoyinsa. Gajerun sanduna biyu ne ke fita daga wajen inji zuwa tayoyin baya, kowace da robar da ke riƙe mata giris, da sil ɗin da ke tare mai a inda ta fito. Babur mai ƙafa uku da ke ɗauko doya da itace da buhunan shinkafa daga ƙauyuka zuwa Kasuwar Gwari da Kasuwar Kure, doguwar farfela ce ke kai ƙarfinsa zuwa aksul ɗin baya. Saboda haka maganar ta shafi mai babur na alfarma, ta kuma shafi talakan da ke neman na cefane.

Mu ɗauki hujja ta farko, cewa a riƙa cikawa ana tafiya. Malam, nawa ne man da ke cikin akwatin da kake cewa a bar shi ya yi ta zuba? Injin Yamaha FJR1300 yana shan kusan lita 4 na baƙin mai, amma akwatin giyar bayansa mililita 200 kacal yake ɗauka. Na BMW R1200GS mililita 180 ne. Duka-duka bai cika kofin shayi ba. Idan akwati mai mililita 200 yana zubar da mililita 5 a rana, cikin kwana 20 rabin man ya tafi. Inji yana da geji ko gilashin leƙawa, yana da fitilar da ke kamawa idan ƙarfin mai ya faɗi. Akwatin baya ba shi da ko ɗaya daga ciki. Sai ka kwance noti ka leƙa, a wasu baburan ma sai ka juye man gaba ɗaya ka auna shi. Mutum nawa ne a garin nan ke yin haka kowace safiya kafin ya fita nema? Ɗigon da ake gani a ƙasa kuma na lokacin da babur ke tsaye ne, mai ya huce ya yi kauri. Mafi yawansa a kan hanya yake fita, lokacin da ya yi zafi ya tsinke, iska na kwashe shi ba wanda ya gani.

Idan man ya ƙare, boris ne ke fara ɗaukar zafi, sai a ji kuka daga baya, sai haƙoran giya su fara cin juna. Ƙarshen abin, tayar baya tana iya ƙamewa ana cikin gudu. Duk wanda ya san hanyar Minna zuwa Suleja ko ta Bida, da tireloli da tankokin da ke binsu dare da rana, ya san me ake nufi da taya ta ƙame wa mutum a tsakiyarsu.

Ko da a ce mutum yana da haƙurin cikawa kullum, akwai tambayar da Malam bai yi wa kansa ba: man da ya fita, ina yake zuwa? Babban sil ɗin akwatin, taya yake fuskanta, kuma a nan kusa faifan birki ko duram yake. Man da ya kuɓuta daga wurin, juyin taya zai watsa shi a kan wili, ya kai shi birki, ya sauko da shi kan robar taya. Takalmin birkin da ya sha mai ya gama aiki. Wanke shi da fetur da babbaka shi a wuta, kamar yadda ake yi a wasu garejoji, saman kawai yake busarwa. Da ya ɗauki zafi, man da ya shige ciki zai sake tsattsafowa. Wanda ya sauka a gefen taya kuwa ba ya nuna kansa a miƙaƙƙiyar hanya, sai ranar da aka kwantar da babur a kwana, ko a shataletalen Mobil da safe bayan yayyafi. Wace cikawa ce za ta mayar wa birki da kamunsa? Wace cikawa ce za ta hana taya zamewa?

Hujja ta biyu ita ce ta dabarun sauƙi. Oyil-sil roba ce mai siririn leɓe, da ɗan zoben waya a bayansa wanda ke matse leɓen a jikin ƙarfen da ke juyawa. Yoyo na zuwa ne idan leɓen ya bushe ya tsage, ko yashi ya ci shi, ko ƙarfen ya yi kwari a inda leɓen ke gugarsa, ko boris ya yi sako-sako yana sa ƙarfen rawa. A cikin waɗannan huɗun, wanne ne kaurin mai zai warkar? Zai rage ɗigon da safe, amma da an yi tafiyar rabin sa'a a zafin watan Maris na Minna, zai tsinke ya bi hanyar da ya saba. Giris ya fi wannan muni. Haƙoran giya za su yanka hanya a cikinsa, su watsa shi jikin bango, su ci gaba da juyawa a bushe, mai babur kuwa yana murna yoyo ya tsaya. Baƙin man inji da wasu ke ɗurawa a akwatin baya don shi ke hannunsu, ba shi da isasshen sinadarin da ke kare haƙora daga irin wannan matsi. Ruwan maganin yoyo da ake sayarwa a kwalba kuwa kumbura roba yake yi na ɗan lokaci. Tsagar da ke jikinta tana nan, boris ɗin da ya lalace yana nan.

Ƙara ɗauri fa? Jikin akwatin alminiyam ne, noti kuwa ƙarfe. Wanda ya sa ƙarfin damtse zai cinye ramin notin, aikin canza washa ɗaya ya koma aikin gyaran akwati. Washar tagulla ko ta alminiyam da ke ƙarƙashin notin juye, sau ɗaya ake matse ta ta zauna; maganin yoyonta sabuwar washa ne da ɗauri daidai gwargwadon abin da littafin babur ya faɗa. Gam kuma ba ya kama ƙarfen da ke jiƙe da mai, kuma ba shi da abin yi a wurin da ƙarfe ke juyawa. Idan aka lafta shi a haɗin murfin inji, rarar da ta matso ciki tana iya ɓallewa ta toshe hanyar mai, a nemi tsayar da ɗigo a ƙare da ƙona inji.

Akwai abin da ya fi wannan. Yawancin akwatunan nan suna da ƙaramar mashaƙar iska a samansu, domin idan mai ya yi zafi iskar ciki tana kumbura, dole ta samu mafita. Jar ƙurar hanyoyinmu a lokacin rani da lakar damina suna toshe wannan kafa. Da ta toshe, matsin zai tura mai ta bakin sil ɗin da lafiyarsa ƙalau. Wanda ya bi shawarar shafe ko'ina da gam yana iya toshe ta da hannunsa. Wanda kuma ya bi shawarar cikawa ba awo zai wuce iyaka, rarar man ta yi kumfa ta fito ta mashaƙar ta malalo a jikin akwati. Kamfanin BMW da kansa ya rage adadin man da ya fara cewa a zuba a akwatin R1200GS, ya kuma janye maganarsa ta farko cewa man ba ya buƙatar juye. Idan maƙerin babur yana lissafin mililita, mu ne za mu zuba da ka? Shawarwarin Malam guda biyu na farko suna iya haifar da yoyon da babu shi tun farko.

Sai hujja ta uku, wadda ita ce ta fi cutarwa, domin ta mayar da bincike abin zargi. Inda mai ke ɗiga shi ne wuri mafi ƙasa da ya samu a kan hanyarsa. Nauyinsa na jansa ƙasa, iskar gudu na tura shi baya, taya na watsa shi ko'ina. Ɗauki misali ɗaya. Sil ɗin da ke bakin akwatin giya, inda farfela ta fara, idan ya lalace man zai taru a cikin robar da ke gaban farfela, ya bi cikin hannun da farfelar ke ciki, ya fito can baya kusa da taya. Mai bin ƙa'idar Malam zai kwance taya, ya sayi sil ɗin akwatin baya, ya biya kuɗin aiki, bayan kwana uku ya ga ɗigon yana nan inda yake. Wa ya yi asara a nan, wanda ya yi bincike ko wanda ya ƙi yi? A baburan BMW masu silinda biyu a gefe da gefe da na Moto Guzzi, man da ke ɗiga tsakanin inji da akwatin giya yana iya zama na inji, yana iya zama na giya, kuma kowannensu zai iya jiƙa kuloci ya sa shi zamewa. Shokozoba ta baya ita ma mai ne a cikinta, idan ta fashe kusa da taya take zubar da shi. A Keke Napep, jiƙewar cikin tayar baya tana iya zama man birki daga cikin duram, ko giris daga robar da ta yage. Wanda ya ga haka ya ƙara man giya ya bar birki yana tsiyaya, me ya gyara?

Binciken da ake cewa cuta ce, ga shi nan gaba ɗayansa, mai karatu ya yi hukunci. A fara da hanci da ido. Man giya yana da wari mai ƙarfi na farar wuta, wanda ya taɓa shaƙarsa ba ya mantawa. Baƙin man inji baƙi ne mai ƙauri. Man birki tsinkakke ne, fari ko ruwan ɗorawa, kuma yana cin fenti. Daga nan a duba matakin kowane mai, na inji, na giya idan daban yake, na akwatin baya, da na birki, a ga wanne ya ragu, wanne kuma ya wuce iyaka. Sannan a wanke wurin tas da kananzir da omo, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai. Kada a ɗora bakin injin wanki mai ƙarfi a kan sil ko mashaƙa, domin zai tura ruwa da yashi ciki. Idan ya bushe, a barbaɗa farar hoda a duk wuraren da ake zargi: kewayen babban sil, notin juye, notin zubawa, mashaƙa, bakin robobi, da ƙasan akwatin giya. A hau a yi tafiya a hankali ta minti goma ko sha biyar har ya ɗauki zafi, a tsaya a haska da tocila. Layin farko da ya jiƙe a cikin hodar, a bi shi sama, a bi shi gaba, har inda ya ƙare. Nan ne tushen.

Saura abu uku. A ɗan ɗaga bakin robar farfela a leƙa. A baburan da farfelarsu a bushe take aiki, duk man da ya zubo daga nan shaida ce cewa ɗaya daga sil biyun da ke gaba da bayanta ya tafi. A ɗaga tayar baya sama, a riƙe ta da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a girgiza, sannan a juya ta a saurara. Idan tana rawa ko tana gurnani, boris ne ya lalace, kuma shi ne ya kashe sil ɗin. A sa sabon sil a kan tsohon boris, ba zai daɗe ba zai bi sahun na farko. Na ƙarshe, a juye man a cikin mazubi mai tsabta a auna shi. Notin juye na yawancin baburan nan yana da maganaɗisu. Laushin baƙin gari a jikinsa ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da ake ji a yatsa yana nufin ciki ya fara cinyewa. Man da ya koma fari-fari kuwa ruwa ya sha, ko daga tsallaka rafi ko daga wanki. Duk wannan, ban da juyen man, omo ne da kananzir da hoda da tocila da awa ɗaya ko biyu. Ina cutar take?

Gyaran ma daga mai arha ake farawa. A daidaita yawan mai, a buɗe mashaƙa, a canza washa da zoben roba na notoci. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa. Idan hoda ta nuna sil ne, a cire shi ba tare da an karce mazauninsa ba, a shafa farce a jikin ƙarfen a ji ko ya yi kwari. Idan ya yi, sai an sa masa riga ko an canza shi. A shafa mai a leɓen sabon sil, a naɗe haƙoran sandar da salatif don kada su yanke shi, a juya ɓangaren zoben wayar ya fuskanci mai, a buga shi ya shiga daidai ba karkace ba. Canza boris na cikin akwati kuwa aikin gwani ne, domin akwai saitin tazara tsakanin haƙoran giya da ake yi da siraran washoshi, idan aka kuskure shi akwatin zai yi ta kuka har ya ci kansa. Bayan an gama, a canza takalmin birkin da ya jiƙe, a wanke faifai da taya, a sake barbaɗa hoda a yi gwaji. Bakaniken da ya yi maka haka ya cancanci kuɗinsa. Wanda ya kamata ka yi zargi shi ne wanda ya ce a kawo kuɗin sil tun bai wanke wurin ba.

Hujja ta huɗu, cewa farfela ba ta ƙasarmu ba ce. Gaskiya ne tana da nauyi, kuma idan akwatinta ya lalace gyaransa ya fi na sarƙa tsada. Amma mu dubi hanyoyinmu. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙura ce, daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa da laka. Sarƙa a fili take, yashi na haɗuwa da man jikinta yana cinye ta, kullum tana neman wanki da mai da ɗauri. Farfela a rufe take, abin da take nema juyen ɗan man nan ne a kan lokaci da lafiyar robobinta. Wanne ya fi dacewa da hanyar da ta fito daga Tagwai zuwa cikin gari? Maganar rashin kaya ma an zuzuta ta. Yawancin sil da boris suna da lamba a jikinsu. Lambobi uku na sil suna nuna faɗin ciki, faɗin waje da kauri da milimita, kuma masu sayar da boris da wannan awo suke ciniki. Abin da ba a samu a Minna ba ana aikawa Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, ko Nnewi. Akwai 'yan kaɗan masu awo na musamman da sai na kamfani, su ma ana yin odarsu. Abin lura shi ne inganci, domin jabun sil mai busasshiyar roba ya cika kasuwa, kuma arha ba ta ado. Rashin masu gyara kuma, idan har akwai shi, maganinsa koyo. Garin da ke da Jami'ar Fasaha ta Tarayya tun 1983, garin da kanikawansa ke sauke injin keke su mayar a wuni ɗaya, shi ne za a ce ba zai iya da akwati mai giya biyu ba? Sannan wanda aka ce ya sayar, wa zai sayar wa? Wani ɗan'uwanmu ne zai saya, da yoyon da komai, wataƙila an goge an shafe da gam don kada ya gani. Wannan algus ne, kuma addininmu ya hana shi.

Akwai kuma abin da rubutun Malam bai taɓo ba, wanda mu mazauna Tagwai ba za mu iya kau da kai a kansa ba. Dam ɗin Tagwai, wanda aka gina a 1978, bayan Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, yana cikin manyan wuraren da garin ke samun ruwan sha ta matatar Chanchaga, kuma masunta na cin abinci a cikinsa. Man da ke ɗiga a hanya da wanda ake wankewa a bakin rafi da wanda ake juyewa a ƙasa a bayan gareji ba ya ɓacewa. Ruwan sama ne ke kwashe shi ya gangara da shi rafuka. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi gargaɗin cewa baƙin man juye ɗaya na mota zai iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwa mai kyau. Wanda ya mayar da cikawa al'ada ya yarda ke nan ya riƙa sayen mai yana zubarwa a ƙasar da muke noma da ruwan da muke sha, wata bayan wata. Haƙƙin maƙwabci ya hana wannan, ko da birki da taya ba su shiga maganar ba.

Matsayina ke nan, kuma a kai nake. Danshin da bai wuce kama ƙura ba, a goge shi, a duba mai, a sa masa ido. Man da ke taruwa yana ɗiga, a wanke, a barbaɗa hoda, a gano tushensa a cikin makon, a gyara sanadin tun yana ƙarami. Man da ya taɓa taya ko birki, ko tayar da ke rawa idan an girgiza ta, a ajiye abin hawan nan take har sai an gyara, ko da balas na jira, domin ran direba da na fasinja sun fi kuɗin wuni ɗaya. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu keke da na kanikawa a Minna su koya wa yaransu wannan bincike, su hana cusa giris da babbaka takalmin birki, su tanadi durom ɗin tara man juye a kowane gareji. Shi kuma Malam, mutane sun amince da alƙalaminsa har sun yi aiki da abin da ya rubuta, wannan amana ce a wuyansa. Ina roƙonsa ya sake zama da kanikawan da suka san aikin, ya tsaya a buɗe akwati ɗaya a gabansa ya ga yawan man da ke ciki da kusancinsa da birki, sannan ya rubuta wa masu karatunsa gyara da irin ƙarfin da ya rubuta na farko. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa mu fi ƙarfin abin da muke hawa.